Inuwar Ɗakin Inna

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa daga Baffanki na gidan waya, ɗan ƙanin kakanki, idan dai ba ki manta da ni ba. Ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda kike so. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwoyi da kunnuwa. Kunnuwan sun riga ni gajiya da duniya, shi ya sa kika ga takarda maimakon kira. Wayar da yayanki Akawu ya saya mini tana cikin durowa a kashe, don idan na kara ta a kunne sai in ji kamar mai magana daga cikin rijiya. Na tsufa ina raba wa mutane wasiƙu, yau ga ni ina roƙon direban babbar mota ya kai miki tawa.

Innarki ce ba ta jin daɗi. Tun da ɓarin jikinta ya shanye tana kwance a ɗakinta. Magana sai kalma ɗaya ko biyu, amma hankalinta garau yake, har harara nake sha idan na zubar da shayi a zanin gado. Abin da ke wahalar da ita zafi ne. Bara da aka shiga tsakiyarsa ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, likita ya ce zuciyarta ba za ta ci gaba da ɗaukar haka ba. Wutar lantarki kuwa kin san halinta, sai an fi bukatarta take tafiya. Na yi fifita har kafaɗata ta riƙe.

Akawu ya zo ya zaunar da ni, cikin ladabi amma ba da wasa ba, ya ce idan zafin bana ya yi mata abin da na bara ya yi, zai ɗauke ta zuwa gidansa inda akwai na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Ban ga laifinsa ba, uwarsa ce. Sai dai gidan nan nasa can saman bene yake, hawa na uku, matakala ce kawai. Ranar da aka hau da ita, ta gama taka ƙasa ke nan. Ni kuwa gwiwoyina ko hawa na ɗaya ba za su kai ni ba. Tun da muka yi aure ba mu taɓa zama a gida daban-daban ba. Da na tambaye ta ko tana son tafiya, sai ta damƙe mini yatsa da hannunta mai lafiya har sai da na ce wash.

Babanki ya rubuto mini cewa kin shiga karatun gine-ginen da ba sa cin wuta kuma ba sa dafa mutanen ciki, har da takardar shaida za a ba ki. Na ce madalla, mun samu injiniya a dangi. To ki gaya mini abin da zan yi wa ɗakin nan kafin zafi ya kankama. Amma kada Akawu ya ji tukuna. So nake ya zo ya tarar an gama, ya rasa ta cewa.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma gaishe da Inna, Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya ba ka ladan jinya. Ni lafiya lau, sai gajiya. Ta yaya zan manta da kai? Sau ɗaya Baba ya kawo ni gidanku ina ƙarama, Inna ta ba ni wani mangwaro mai tsamin tsiya, na ɓare baki ina kuka, kai kuma kana ta dariya har da riƙe ciki.

Amma Baffa, sunan injiniya ya yi mini nauyi. Zane kawai nake yi a ofishin masu gini, kuma karatun nan yanzu na sa ƙafa a cikinsa. Ana koya mana yadda ake duba gini a ba shi maki ne: wuta nawa yake ci, ruwa nawa yake sha, da me aka gina shi, iskar cikinsa tana da kyau ko tana sa mutum ciwo. Idan makin ya kai, sai a ba ginin shaidar cewa ba ya cutar da muhalli. Kafin a yarda mutum ya sa hannu a wannan aikin, sai shi ma ya ci tasa jarrabawar. Ogana ya ce wanda ya ci zai koma sabon sashe, wanda ya faɗi ya ci gaba da zana banɗaki. Littafin ya kai kaurin bulo. Kullum aka tashi aiki sai in ruga aji da shi a hammata.

Kuma ba daga farko muka fara ba. Malamar da za ta koya mana babin farko ta yi tafiya, sai aka tsallaka da mu tsakiya, wajen samar da wuta. Don haka abin da na sani zuwa yanzu shi ne sola, wato wutar hasken rana, kuma ina ganin ita ce maganin damuwarka. Farantai biyu a kan rufi, da batir, da fanka marar cin wuta sosai, sun isa su riƙe ɗaki ɗaya dare da rana, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba. Ka nemi mai haɗa sola wanda aka san aikinsa, kada ka yarda da batir na hannu.

Akwai abu ɗaya da malaminmu ya nanata har muka haddace: <u>kada inuwar komai ta faɗa kan farantan, ko da ta reshe ɗaya ce</u>, domin 'yar inuwa kaɗan tana rage wutar ba kaɗan ba. Ya ce mu ja layi a ƙarƙashin wannan, ni ma ga shi na ja maka.

Ba zan gaya wa Yaya Akawu ba. Ka rubuto mini yadda ɗakin yake, da inda rana take fito masa da inda take faɗuwa.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Injiniya Auta,

Ko kin ƙi ko kin so, sunan ya bi ki. Ina gaishe ki, da fatan littafin bai karya miki hammata ba. Innarki da sauƙi, ta ɗan ƙara cin abinci. Na karanta mata wasiƙarki da ƙarfi, wataƙila har maƙwabta sun ji, don ni ba na jin muryata. Da na zo wajen mangwaro mai tsami sai gefen bakinta ya motsa. A wurinta yanzu wannan ƙyalƙyala dariya ce.

Na samu mai sola, wani mai gilashi da ke yawo da tsani a kan babur. Na miƙa masa takardarki, ya karanta, ya dube ni ya ce wane ne ya rubuta wannan. Na ce 'yata ce. Ya rubuta mini a bayan kwali, tun da ba na ji, cewa duk abin da kika faɗa haka yake, musamman inda kika ja layi. Auta, na ji kaina ya ƙara girma, har hulata ta matse ni.

Ga yadda ɗakin yake, tun da kin tambaya. Shi ne na ƙarshe a gidan. Ƙofarsa tana duban tsakar gida, bayansa kuma yana duban faɗuwar rana, da 'yar taga ɗaya a jikin bangon. Gadonta a jikin wannan bangon yake, don ta fi son ta riƙa jin tsuntsaye da la'asar. Ni ɗakina yana can ɓangaren fitowar rana kusa da sito, amma rabona da kwana a cikinsa tun da ta kwanta. Tabarma nake shimfiɗawa a gefenta.

Mai sola ya hau ya duba, ya ce kwanon ɗakinta ya fi kowanne ƙwari, kuma a nan waya ba za ta yi tsawo ba, don haka a nan za a kafa. Farantan sai an kawo su daga wani gari. Abin da ya tare musu rana kuwa, na riga na yi magana da wanda zai kawar da shi, da zarar ya gama aikin da ke hannunsa. Abin ya ɗan taɓa mini zuciya, ba zan ɓoye miki ba, amma wanda ya nemi shawarar masu ilimi ba ya tsayawa zaɓe a cikinta.

Iska ta fara ɗumi a nan. Akawu ya aiko yana tambaya, na ce a gaya masa komai lafiya.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaishe ku, kai da Inna. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kada a sare bishiyar. Idan mangwaron nan ne a bayan ɗakin Inna, don Allah kada a taɓa shi. Ka fara aika wa mai saran da wannan, sannan ka dawo ka karanta sauran.

Wasiƙarka ta same ni muna shirin gwaji. A tsaye na karanta ta cikin mota, na ji daɗi, na cusa ta cikin littafi. Da na ga ka ce za a kawar da abin da ya tare rana, na ɗauka tankin ruwa ne ko wani tarkace a kan rufi. A tunanina na yarinta mangwaron a tsakiyar gida yake, ban san ya rufe ɗakinta ba.

Yau malamar babin farko ta dawo. Ba ta ko bari mun zauna ba, ta fita da mu bayan ginin da muke karatu, rana ta karkata. Bangon dogo ne, rabinsa wata bishiya ta rufe shi, rabinsa a fili. Ta ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a nan, sannan ya ɗora a can. Na inuwar sanyi ƙalau. Ɗayan kuwa sai da na fizge hannuna. Ta ce bangon da ke duban yamma shi ne ya fi kowanne shan rana. Tun daga azahar yake tara zafi, ya riƙe shi a cikinsa, idan dare ya yi ya riƙa amayo shi cikin ɗaki. Fanka ba ta sanyaya iska, kaɗa ta kawai take yi, idan bango da rufi suna huci to hucin za ta riƙa watsa wa mutum. Ta ce mu riƙe wannan kafin komai: a fara hana zafi shiga, sannan a yi maganar wuta. Shi ya sa aka sa shi a farkon littafin. Har maki ake ba gini don an bar bishiyar da aka tarar a wurin.

Ina tsaye da hannuna a jikin bangon sai maganarka ta faɗo mini, bayan ɗaki yana duban faɗuwar rana, gado a jikin bango, tsuntsaye da la'asar. Tsuntsaye a kan me suke sauka? Na zaro wasiƙar na sake karantawa a wurin, har malama ta tambaye ni ko lafiya.

Abin da na rubuta maka game da inuwa gaskiya ne, amma farantan za a matsar, ba bishiyar ba. A kafa su a kan sito, ko a yi musu ƙafafun ƙarfe a tsakar gida inda rana take. Waya za ta ƙara tsawo, shi ke nan. Idan bara Inna ta wahala alhali bishiyar tana nan, ka duba yadda za a yi babu ita.

Yanzu zan kai wa direba wannan da kaina. Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Auta.

*

Baffa,

Ina sake gaishe ku. Yaya jikin Inna? Shiru ya yi yawa, ban samu amsa ba.

Na je tasha neman direba. Ya dawo, amma ya ce bai biyo ta wajenku ba, an canza masa hanya, sai ya ba wani abokin aikinsa takardar. Na ce wane ne, ya ce wani dogo. Na ce yaushe dogon zai isa, ya ɗaga kafaɗa. Saura kaɗan in yi masa kuka a gaban mutane.

Na kira wayarka ban san iyaka ba, ko da yake na san tana durowa. Baba ba shi da lambar kowa a unguwarku. Na roƙi ogana ya ba ni hutu in zo, ya ce aikin da ke teburina ba zai jira ba, idan na tafi in tafi gaba ɗaya.

Karatu ya ƙi shiga. Muna babin ruwa yanzu, yadda ake tara na sama da yadda ake rage ɓarnar famfo, amma duk shafin da na buɗe bangon nan nake gani. Abokiyar zamana ta ce wataƙila mai saran bai gama aikinsa ba, irinsu ba sa cika alkawari. Ban taɓa yi wa wani addu'ar saɓa alkawari ba sai wannan karon.

Mutum ɗaya ne zai iya isowa gare ka da wuri, kuma shi ne ka ce kada ya ji. Na yi maka alkawari, ina sane. Amma idan mako ya ƙare ban ji daga gare ka ba, zan kira Yaya Akawu in ce ya je ya hana saran. Gara ka yi fushi da ni bishiyar tana tsaye.

Wannan ta hannun wata mai kai kaya zan aiko, ko za ta riga waccan.

Auta.

*

Zuwa ga Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru nake ji daga wajenki, na ce karatu ne ya riƙe ki, Allah Ya ba da sa'a. Mu muna nan lafiya. Albishirinki, an gama aiki.

Mai saran ya zo da injinsa. Ni ban ji ƙarar ba, a tafin ƙafata kawai na riƙa jin ta. Kafin rana ta take ya gama da mangwaron, ya bar kututture daidai gwiwa. Innarki ce ta dasa shi shekarar da muka tare a gidan, daga ƙwallon da ta sha a hanya, shi ya sa bai taɓa yin zaƙi ba, kuma ba ta taɓa yarda an faɗi haka a gabanta ba. Na yi mata bayani tun kafin a fara, na ce shawarar Auta ce, don ta zauna a ɗakinta ne. Ta juya fuskarta bango, ranar ba ta harare ni ba ko sau ɗaya. Na fi son hararar.

Washegari aka kafa farantan. Auta, ki ga fanka tana juyi alhali duk unguwa babu wuta! Maƙwabcinmu tela ya shigo ya tsaya a ƙarƙashinta baki buɗe. Mai sola ya ce bai taɓa kafa farantan da suke shan rana kamar waɗannan ba, tun safe har magariba babu abin da ke gittawa.

Ɗakin ya yi haske sosai, har na rataya zani a taga don rana tana dukan idonta da la'asar. Abu ɗaya ne ban gane ba. Da yamma sai in ga tana gumi fiye da da, matashinta yana jiƙewa, ga fanka kuma tana ta aiki. Jiya ƙafarta ta hagu ta ɗan tasa. Ina jin fankar ce ta yi ƙanƙanta, ko kuwa zafin bana ne ya zo da wuri. Ki duba littafinki ki gaya mini ko in sayi babba.

Ban gaya wa Akawu ba tukuna. Ina so ƙafar ta saɓe kafin ya zo.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a bakin ƙofar ofis, na kasa shiga. Na gane babu ko ɗaya cikin nawa biyun da ta same ka. Ban san ko wannan za ta riga su ba, don haka zan faɗa a taƙaice: bishiyar ce take tare wa ɗakin zafi, ban sani ba sai daga baya, na rubuto a hana saran, takardun suka maƙale a hanya.

Kada ka sayi babbar fanka, ba za ta yi komai ba. Ga abin da za a yi yau, ba gobe ba. A fitar da Inna daga ɗakin a mayar da ita naka na gabas, mai sola ya ja waya ya kai fankar can. Idan ba za ta yarda ta bar ɗakinta ba, a janye gadon daga jikin bangon, a kai shi wajen ƙofa. A kafa sanduna a bayan ɗakin a rataya tabarmi, amma kada su manne da bango, a bar tazarar da iska za ta wuce. A shafa wa bangon da kwanon farin fenti. Zanin taga a mayar da shi ta waje, don idan rana ta riga ta shigo, zafinta ya shigo. Wannan karon ban rubuto daga kaina ba, na kai wa malama zanen ɗakin, ita ta duba. Ƙafar kuwa a nuna wa likita, kada a jira ta saɓe.

Akwai kuma abin da dole ka sani. Kafin wasiƙarka ta zo na riga na kira Yaya Akawu. Na ɗauka bishiyar tana nan, na ce ya yi sauri ya je ya hana. Sai da ya tambaye ni dalili, na gaya masa duka, har da abin da zai faru da ɗakin idan babu ita. Ya ce zai taso da zarar ya samu dama. Na aike shi ya ceci bishiya, yanzu zai zo ya tarar da kututture da ƙafa a kumbure, kuma ni na gaya masa abin da zai duba.

Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba. Na ba ka rabin ilimi, har da ja masa layi. Jarrabawa ta matso, amma na gaya wa Baba ba na jin zan zauna. Wadda ta kasa ɗaki ɗaya, me za ta je ta duba a ginin mutane?

Ka gaishe da Inna, idan za ta karɓi gaisuwata.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki. Ni lafiya, gwiwoyi suna nan yadda kika san su. Innarki ma an ce da sauƙi, ƙafar ta saɓe, tana barci sosai. Na ce an ce, domin ba ta nan.

Wasiƙunki uku rana ɗaya suka iso, a ɗaure da roba guda, wani dogo ya kawo su, ashe duk a hannunsa suka taru, har da wadda kika ba mai kai kaya. A zamaninmu da an kori mutum a kan wannan. Na jera su bisa tsari na karanta, kamar mai kallon motar da ta riga ta wuce shi.

Akawu ya riga su. Da la'asar ya iso, bai ko zauna ba, ya shiga ɗakin ya gaishe da uwarsa, ya duba ƙafar. Sannan ya miƙa hannu ta bayan gadon ya ɗora tafinsa a bango. Na ga ya janye da sauri. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Auta, kullum ina cikin ɗakin nan, ina kallon fanka ina jin daɗi, ban taɓa tunanin in taɓa bangon ba. A jikinsa take kwana, kuma ba ta da bakin da za ta ce mini yana ƙona ta.

Bai yi faɗa ba, da ya yi da na samu abin riƙewa. Ya durƙusa ya rubuta mini a takarda cewa ba zai iya barinta ba. Na ce a mayar da ita ɗakina. Ya rubuta cewa ƙafar ba za ta jira gwaji ba. Na duba ƙafar, na rasa ta cewa. Ni da na so shi ya rasa.

Da safe suka ɗauko ta a kan kujera, shi da tela. Da aka zo tsakar gida ta ɗaga hannu suka tsaya. Daga nan ana hango kututturen ta lungu. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta jawo rigata, na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinta, don in ba haka ba ba zan ji ba. Ta ce, “Ka ba shi ruwa.” Shi ke nan abin da ta ce mini, suka sa ta a mota.

Ina ba shi, safe da yamma. Ya fitar da 'yan tofo jajaye ta gefe. Tela ya ce kafin su yi inuwa sai an shekara da yawa, na ce ban tambaye shi ba.

Maganar kiran Akawu, ki cire ta daga ranki. Da ba ki kira ba, da ina can ina cinikin babbar fanka, ita kuma tana gasuwa. Maganar layi kuma, ke kika ja, amma ni na kira mai inji. Na rayu da bishiyar nan fiye da shekarunki, na sha inuwarta, ban tsaya na tambayi kaina aikin da take yi ba, saboda ina ɗokin in burge ɗana. Innarki ta karɓi gaisuwarki tun kafin ki aiko. Ranar da za su tafi Akawu ya ambaci sunanki, gefen bakinta ya motsa.

Babanki ya ce wai ba za ki zauna jarrabawa ba. Kada in sake jin wannan. Kin san abin da bangon yamma yake yi yanzu, sanin da ba na jin akwai wanda ya kai ki a ajin nan. Ki je ki zauna.

Na yi duk abin da kika lissafa. An shafa farin fenti, an kafa sanduna, tabarmi suna rataye da tazararsu, na janye gadon zuwa wajen ƙofa. Da la'asar ina shiga in ɗora hannu a bango. Ya ragu, amma bai kai yadda yake da ba. Fankar tana ta juyi a kan gadon da babu kowa, na kasa kashe ta. Akawu ya ce idan zafi ya wuce za a duba, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Na san matakalar nan, na kuma san abin da na gaya miki a kanta tun farko. Duk da haka ina so idan ya zo dubawa ya ɗora hannu ya ji sanyi.

Don haka ga tambayata. Me zan dasa a bayan ɗakin nan da zai hau sanduna ya rufe bango kafin zafin baɗi, kuma nesa nawa da gini, don kada ya danne tofon mangwaron? Ba na sauri, ko da yake ina sauri. Ki karanta littafin har bangon ƙarshe tukuna, sannan ki amsa mini.

Baffanki.